Yadda ake fesa fatar tsakiyar batirin gas da wutar filasma

Duk wanda ya girma a Damagaram ya san abin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi. Yumɓun Miriya, ko an gasa shi, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, randa ta ɗau sanyi. A wajen maginiyar tukunya wannan alheri ne. A aikin da zan bayyana kuwa shi ne babban abokin gaba, domin za mu yi yaɓen yumɓu wanda bai kai kaurin gashin kai ba, kuma muna so ko haidurojin, wadda babu iskar da ta kai ta rashin nauyi, kada ta sami inda za ta bi ta wuce.

Wani ƙanena da ke karatun fasaha a Jami'ar André Salifou ne ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya ce: "Yaya, an ba mu darasin batirin gas, an ce ana fesa fatarsa da filasma, amma ban gane yadda feshi zai hana iska wucewa ba." Na ce masa tambayar da ya yi ita ce ta hana masana barci shekaru da dama. Na yi wannan aikin da hannuna a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, saboda haka na ga ya dace in jera shi daki-daki, dominsa da ire-irensa.

Abin da ake ginawa

Batirin gas, wanda za ka gani a takardu da haruffan SOFC, hawa uku ne manne da juna. Gefe guda anod, mai ƙofofi, inda gas ke shiga. Ɗaya gefen katod, shi ma mai ƙofofi, inda iskar duniya ke shiga. A tsakaninsu akwai fata, wato ilektirolait. Oksijin ya karɓi ilektaron biyu a katod ya zama ayon, ya ratsa jikin yumɓun kansa yana tsalle daga gurbi zuwa gurbi, ya isa anod ya haɗu da haidurojin. Ruwa ya fita a tururi, ilektaron su bi waya, ga kuran. Ba a yi masa caji. Muddin ana ba shi gas, yana ba da wuta.

Yumɓun da aka fi amfani da shi zirkoniya ne da aka gauraya da itiriya, ana ce masa YSZ. Walther Nernst na Jamus ya gano tun ƙarshen shekarun 1890 cewa wannan haɗin yana wucar da lantarki idan ya yi zafi, har ya yi fitila da shi, kuma a 1937 Baur da Preis suka gwada batirin farko na wannan jinsi a Suwizilan. Sharaɗinsa zafi: digiri 700 zuwa 1000.

Me ya sa ake son fatar siririya? Ga lissafi. A digiri 800, YSZ da aka gasa sosai yana wucar da ayon kimanin simens 0.03 a kowace santimita (simens ma'aunin sauƙin wucewar lantarki ne). Raba kauri da wannan adadi, ka sami juriyar fatar, wato yadda take tare wucewar lantarki. Mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Mikiron 150 zai ba ka om 0.5 a murabba'in santimita, mikiron 50 ya ba ka 0.17, mikiron 10 kuma 0.03. Duk abin da juriya ta ci, wuta ce da ta tafi a banza. Amma duk lokacin da ka rage kauri, ka rage wa gas nisan da zai yi kafin ya ɓulla ɗaya gefen. Aikin gaba ɗaya ja-in-ja ne tsakanin waɗannan biyun.

Hanyar da aka saba ita ce a gasa fatar a tanda, a wajen digiri 1400, awoyi da dama. Tana ba da fata mai kyau ƙwarai. Matsalarta, ba za ka sa farantin ƙarfe a wannan zafin ya fito lafiya ba, ga kuma cin wuta da lokaci. Filasma, wato gas ɗin da lantarki ya mayar harshen wuta mai tsananin zafi, tana narkar da garin yumɓun tun yana cikin iska, ta maka shi a kan faranti, cikin mintuna an gama, ƙarfen kuma bai kusanci narkewa ba. Batirin da aka ɗora kan ƙarfe ya fi araha, ya fi jure girgiza da saurin zafafawa. Abin da ya ja hankalina ke nan a matsayina na ɗan garin da matatar SORAZ ke fitar da gas a arewacinsa tun 2011: na'ura ce da ba ta buƙatar filatinam, zafin watan Afrilu kuma ba ya dame ta, tunda cikinta ya ninka shi fiye da sau goma sha biyar. Sai dai a tace wa gas ɗin sulfa, don sulfa guba ce ga nikel ɗin anod.

Mataki na farko: ɗaki, kuran da ruwa

Wannan ba injin walda ba ne da za a ajiye a bakin titi. Bindigar filasma ta yau da kullum, irin F4 ta kamfanin Oerlikon Metco, tana cin kilowat 35 zuwa 45. Ka ƙara injin sanyaya ruwa, famfon zuƙe ƙura da hannun robo, za ka ga dole sai layi uku mai ƙarfi. Mafi muhimmanci, kada kuran ya yanke ana tsakiyar feshi. Idan famfon ruwa ya tsaya bindiga na da zafi, bakinta na jan ƙarfe zai lalace nan take. Ka tanadi gurup, wato janareta, wanda zai ɗauki nauyin duka, ka kuma haɗa na'urar yadda da ruwa ya ragu wutar bindiga za ta mutu da kanta.

Ruwa kusan rabin ƙarfin bindiga yake kwashewa. Mu da muka san darajar ruwan Gogo da Arunguza ba za mu bar shi yana zuba a ƙasa ba. Ana rufe shi ne ya riƙa zagayawa tsakanin bindiga da injin sanyaya. Ya zama tatacce wanda aka cire wa gishiri, in ba haka ba farar ƙasa za ta toshe hanyoyin cikin bindiga kamar yadda take yi wa butar shayi. Injin sanyayan kuma a zaɓi wanda aka ƙera don yanayin da ya haura digiri 40.

Ɗakin feshi ya zama rufaffe, mai aiki yana waje yana kallo ta gilashi mai duhu. Ƙarar bindiga tana haura desibel 120, haskenta yana ƙona ido da fata fiye da na walda. Haidurojin tana kama wuta idan ta kai kashi 4 zuwa 75 cikin 100 na iskar ɗaki, saboda haka tukunyarta a waje take zama, a inuwa, a ɗaure, da na'urar shinshina a rufin ɗaki tunda sama take tashi. Argon kuma ƙasa take kwanciya, ba wari ba launi, ta shaƙe mutum bai sani ba. Garin oksaid na nikel yana jawo ciwon daji idan ana shaƙarsa. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tsare shi, sai takunkumi mai matata.

Ƙurar hunturu ma ka ɗauke ta da gaske. Yawancinta silika ce, silika kuwa idan ta shiga YSZ tana taruwa a tsakanin ƙwayoyinsa ta rage wucewar ayon. Iskar da ke shiga ɗakin sai ta bi ta matata.

Mataki na biyu: gari

A nan mutane da yawa ke faɗawa rami tun wajen saye. YSZ iri biyu ne a kasuwa, dukansu da lamba 8 a jikin gwangwani. Akwai mai itiriya kashi 7 zuwa 8 bisa nauyi, wanda ake fesa wa fukafukan injin jirgin sama don kare su daga zafi. Akwai mai kashi 8 bisa mol, wato bisa ƙidayar ƙwayoyin sinadarin ba nauyinsu ba, wanda ya yi daidai da kashi 13 zuwa 14 bisa nauyi. Na biyun ne namu. Na farkon ya fi ƙarfi, amma ba ya wucar da ayon kamar na biyu. Karanta takardar da ta zo da garin kafin ka buɗe gwangwani.

Ka nemi wanda aka narkar aka daka, mai girman mikiron 5 zuwa 25. Zirkoniya sai wajen digiri 2700 take narkewa, ba ta kuma wucar da zafi da sauri, ƙwayar gari kuwa ba ta wuce ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa a cikin harshen wuta. Babbar ƙwaya za ta narke a baya, cikinta ɗanye, kamar ƙosan da aka jefa a man da ya yi zafi da yawa. Duk ƙwayar da ta isa faranti ba ta narke ba, rami za ta bari a gefenta.

Gari mai laushi haka yana dunƙulewa. Sa shi a tanda, digiri 100 zuwa 120, awoyi kaɗan, musamman da damina, sannan ka zuba shi a tukunyar na'ura tun da ɗuminsa. Kafin ka kunna wuta, tara abin da tiyo ke fitarwa na minti ɗaya ka auna a sikeli, sau uku. Giram 10 zuwa 20 a minti ya isa. Idan awo ukun suka saɓa wa juna sosai, kada ka ci gaba, gyara wannan tukuna.

Mataki na uku: faranti da anod

Farantin ƙarfen inoks ne mai ƙofofi, wanda aka yi da garin ƙarfe don gas ya ratsa. Amma ba kowane inoks ba. YSZ yana buɗewa da zafi kimanin kashi 10.5 cikin miliyan a kowane digiri. Inoks irin na 430, ko Crofer 22 APU da aka ƙera musamman don wannan aiki, yana wajen 12, sun yi kusa. Irin na 304, na tukwanen girki, yana wajen 17, zai yage fatar tun a zafafawar farko. Mayen ƙarfe zai taimaka maka: irin da muke so yana kama shi sosai.

Wanke faranti da alkol, ka busar, kada yatsa ya sake taɓa fuskarsa. Farantin da ba shi da ƙofofi, wanda ake koyon hannu a kansa, ana harbinsa da yashin alumina don ya yi kaushi. Mai ƙofofi kaushinsa ya ishe shi, harbi zai toshe shi ne kawai.

Sai a fesa anod, haɗin oksaid na nikel da YSZ, kaurin mikiron 30 zuwa 60, da wuta mai sauƙi don ya fito da ƙofofi. Abin lura ɗaya: fata tana bin siffar abin da aka ɗora ta a kai. Idan saman anod yana da tudu mai tsawon mikiron 30, fatar mikiron 30 ba za ta rufe shi ba, a gindin tudun za ta tsage. Saboda haka hawan ƙarshe na anod a yi shi da gari mai laushi, a hure ɓurɓushin da iska mai tsabta. Auna nauyin farantin yanzu ka rubuta.

Mataki na huɗu: kunna bindiga

A cikin bindiga akwai tsinken tungistan, shi ne katod ɗinta, da bakin jan ƙarfe mai huda wajen milimita 6. Tartsatsin lantarki yana tsayawa tsakaninsu, gas ya bi ta ciki ya zama filasma mai zafin digiri 10,000 zuwa 15,000 a baki. Tsarin kunnawa ba a sauya shi:

Ruwa da farko, ka tabbatar yana zagayawa. Sai famfon ƙura. Sai argon, lita 35 zuwa 50 a minti. Sai ka tayar da wuta a ƙaramin amfiya, ka hau da ita sannu zuwa 500 ko 600. Sai ka shigo da haidurojin kaɗan-kaɗan har lita 8 zuwa 12. Za ka ji ƙara ta canza, ka ga bolt ya hau zuwa 60 ko 75. Haidurojin ce ke sa zafin ya shiga cikin ƙwayar gari, argon kaɗai ba za ta narkar da zirkoniya yadda ake so ba. Bar bindiga ta zauna minti ɗaya ko biyu tana kallon gefe.

Kada ka amince da lambar kilowat da ke kan allo. Amfiya 600 sau bolt 70 kilowat 42 ne, amma nawa ne ya shiga gas? Duba ruwa. Idan lita 18 ke wucewa a minti, wato kilo 0.3 a daƙiƙa, kuma ya fito da ƙarin digiri 15, ninka 0.3 da 4.18 da 15, kusan kilowat 19 ya tafi a ruwa. Saura 23, shi ne ƙarfinka na gaskiya. Rubuta shi kullum, tare da bolt. Ranar da ka ga bolt ya sauka alhali ba ka taɓa komai ba, baki da tsinke sun fara cinyewa, feshin jiya da na yau ba za su zo ɗaya ba.

Mataki na biyar: shigar da gari

Garin yana shiga ta gefe, ta wani ɗan bututu a gaban baki, argon lita 2 zuwa 5 na tura shi. Idan turin ya yi kaɗan, garin zai bi ta saman harshen wuta bai shiga ba. Idan ya yi yawa, ya huda ya fita ta ƙasa. Ka duba ta gilashi: zaren garin mai haske ya karkata kaɗan ƙasa da tsakiyar harshen, kamar digiri 3 ko 4. Gari mai laushi ya fi buƙatar turi saboda ba shi da nauyin kutsawa. Wannan ƴar dabara tana canza fata fiye da ƙarin amfiya 50, kuma sau da yawa ita ake mantawa.

Mataki na shida: zafafa faranti

Idan abu ɗaya za ka riƙe a duk bayanin nan, to wannan ne.

Ka taɓa tsayawa kallon magini yana yaɓen siminti? Yana ɗiba da cokali ya watsa a bango, kowane watsi ya baje ya manne, na gaba ya hau kansa. Haka fatar filasma ke ginuwa. Kowane ɗigo yana zuwa da gudun mita 200 zuwa 300 a daƙiƙa, ya baje ya zama ɗan faifai mai kaurin mikiron ɗaya ko biyu, ya daskare nan take, sanyinsa na sauka da saurin da ya kai digiri miliyan a daƙiƙa. Magini ya san idan bango ya bushe ƙayau, yaɓe ba ya kamawa, shi ya sa yake yayyafa masa ruwa. A wajenmu abin da ke maye gurbin ruwan nan zafi ne.

A kan faranti mai sanyi abu uku ke faruwa. Danshi da dattin da ke saman su tashi tururi a ƙarƙashin ɗigo, ya fantsama maimakon ya baje. Ɗigon ya daskare kafin ya haɗu da na ƙasa, har binciken da aka yi ya nuna a feshin yau da kullum wajen kashi ɗaya bisa uku ne kawai na fuskar faifan ke manne da gaske, sauran siririyar rata ce a kwance. Sannan da faifan ya ƙanƙance, sai ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Ratar kwance ta haɗu da tsagar tsaye, ga hanya daga anod har katod. Ratar nan kuma tana tare ayon, shi ya sa fatar feshi kan ba da kashi ɗaya bisa uku ko bisa biyar na abin da gasasshiya ke bayarwa. Koma kan lissafin ɗazu: mikiron 50 ya tashi daga 0.17 zuwa 0.5 ko fiye.

Da faranti ya haura digiri 200 zuwa 300, fantsamar ta ragu, ɗigo ya fara bajewa sumul. Amma haɗuwar gaske, inda ƙwayar faifan sama ke tsirowa daga ta ƙasa su zama jiki ɗaya, sai saman ya kai digiri 600 zuwa 800. Masu bincike a Jami'ar Xi'an Jiaotong ta ƙasar Sin sun yi aiki mai yawa a kan wannan.

Yadda ake yi: a wuce da bindiga a kan faranti sau da yawa ba gari, ko a sa murhun lantarki a bayansa, wanda na fi so don ya fi daidaita zafi. Auna da waya mai auna zafi a bayan faranti, da na'urar hasken zafi a gaba. Maƙalar da ta riƙe faranti kada ta matse shi, ka bar masa wurin buɗewa, in ba haka ba zai lanƙwashe kamar faifai. Kada kuma ka daɗe a wannan zafin, ƙarfe mai ƙofofi yana tsatsa da sauri a iska. Hura argon a bayansa yana taimakawa.

Faranti na farko da na fesa, na yi gaggawa na fara da ɗumi kawai. Ya fito fari tas, santsi, har na ɗauki hotonsa. Da na ɗiga masa alkol, kafin in ɗaga kai ya ɓulla ta baya. Ranar na gane ido ba ya ganin yoyo.

Mataki na bakwai: feshi

Tazara tsakanin baki da faranti milimita 80 zuwa 100, bindiga na kallonsa kai tsaye, ba a karkace ba. Hannun mutum ba zai iya ba, sai robo ko tebur mai tafiya. Gudu wajen milimita 500 a daƙiƙa, tsakanin layi da layi milimita 3 zuwa 4, juyawa kuma a wajen faranti ake yi, don inda bindiga ta rage gudu yaɓe zai taru. Kowane zagaye ya ajiye mikiron 2 zuwa 5. Hawa siriri da yawa sun fi mai kauri guda, domin kowane sabon hawa yana rufe aibin na ƙasa, mai kauri kuwa yana jawo doguwar tsaga daga sama har ƙasa. Sa iska a gefe tana kore ƙurar da ba ta narke ba, kada ta kwanta tsakanin hawa da hawa, amma ba mai yawan da za ta sanyaya faranti ba.

Shawarata ga mai farawa: nemi mikiron 50 zuwa 60 tukuna. Sai ka sami wadda ba ta yoyo, sannan ka fara ragewa.

Kashewa baibai take da kunnawa: gari, haidurojin, wuta, argon ta ci gaba ɗan lokaci, ruwa a ƙarshe. Faranti ya huce a hankali, a lulluɓe da audugar yumɓu. Idan fatar ta fito toka-toka kada ka tsorata, ta rasa ɗan oksijin ne a cikin wuta, zai dawo idan ta yi zafi a iska.

Mataki na takwas: gwaji

Fara da sikeli. Nauyin YSZ wajen giram 5.9 ne a kowace santimita kubik. Zagayayyen faranti mai faɗin santimita 5 yana da fili murabba'in santimita 19.6, fatar mikiron 40 a kansa za ta ƙara kusan giram 0.46, muddin ka rufe gefuna lokacin feshi.

Sai ɗigon alkol, wanda ke nuna babban yoyo kawai. Gwajin gaske shi ne a matse faranti tsakanin zobban roba biyu, a zuƙe iskar gefe guda, a rufe famfo, a duba yadda matsin ke dawowa da agogo a hannu. Ninka girman ɗakin da aka zuƙe da saurin hawan matsi, ka raba da filin fata. Gwada da farantin ƙarfe marar ƙofa tukuna, don ka san yoyon na'urar kanta. Wannan na'ura duk wani mai tur, injin feƙe ƙarfe, da ya iya aikinsa a garin nan zai ƙera ta, kuma ɗalibi zai iya koyon awon da ɓallin tukunyar Miriya tun bai taɓa ganin bindigar filasma ba. Ina ganin daga nan ya kamata a fara.

Sai yanka. Jiƙa samfurin da ruwan roba mai daskarewa, a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, kafin ka kai shi ga zarto. Idan ka yanka haka nan, gogewa za ta ciccire faifai, ka ga ramukan da babu su. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka fi damuwa da siraran layuka masu haɗuwa da juna fiye da ramin da ke zaune shi kaɗai. Rami rufaffe ba ya yoyo.

Idan tana yoyo

Hanya mafi sauƙi toshewa ce. A jiƙa fatar da ruwan gishirin naitiret na zirkoniyam da itiriyam, a kan ma'aunin fatar, ya shiga tsagogi, a busar, a zafafa zuwa wajen digiri 400 gishirin ya koma YSZ. Kowane zagaye kaɗan yake cikawa, sai an maimaita kamar sau goma. Yana rage yoyo sosai, sai dai yana cin kwanaki, ya cinye saurin da ya sa aka zaɓi filasma tun farko.

Hanya ta biyu, feshi a cikin tankin da aka zuƙe wa iska zuwa miliba 50 ko 100, wato kashi 5 ko 10 cikin 100 na matsin iskar duniya. Harshen wuta ya tsawaita, ɗigo ya ƙara gudu, ƙarfe ya jure babban zafi ba tsatsa. Cibiyar DLR da ke Stuttgart a Jamus ta daɗe tana gina batura a kan ƙarfe ta wannan hanya, da fata mai kaurin ƴan gomman mikiron. Tana da kyau, tana da tsada.

Ta uku ita ce ta fi burge ni. Garin da bai kai mikiron ɗaya ba ba ya bin tiyo a bushe, sai a dama shi a alkol ko ruwa, kashi 5 zuwa 20 bisa nauyi, kamar farau-farau, a harba ruwan cikin filasma. Ruwan ya tarwatse ya ƙone, garin ya narke, faifan su fito ƙanana ƙwarai. Masana a Jami'ar Sherbrooke ta Kanada sun yi rajistar wannan dabara a 1997, na Jami'ar Limoges ta Faransa kuma suka zurfafa ta. Da ita ana saukowa mikiron 10 zuwa 30. Amma ƙananan ɗigo suna hucewa da wuri, dole a matso da bindiga milimita 40 zuwa 60, faranti ya sha zafi sosai. Suna kuma bin iska su manne a gefen duk wani tudu, fata ta fito ginshiƙi-ginshiƙi da rata a tsakani. A nan santsin anod ya zama tilas. Damun kuma a riƙa motsa shi, a tace shi, don ɗan dunƙule ɗaya ya isa ya toshe allurar.

Gwajin ƙarshe

Ɗora katod, a fesa ko a shafa. Idan LSM ne, wato oksaid na lantanam, sitirontiyam da manganis, kada a gasa shi sama da wajen digiri 1200, yana haɗuwa da zirkoniya ya haifar da hawan da ke tare ayon, a kan farantin ƙarfe ma ba a kusantar wannan zafin ko kaɗan. Like gefuna da gilashi ko zoben zinariya, ka hau zafi digiri 1 zuwa 3 a minti har 800. Fara ba anod haidurojin kashi 5 a cikin naitirojin don oksaid ya koma nikel a hankali, sannan ka ba shi haidurojin mai danshi kashi 3, iska a katod, ka auna bolt ba tare da ka ja wuta ba.

Lissafi ya ce 1.10. Idan ka ga 1.05 ko sama, fatarka ta tsare. Ƙasa da 1.0 gas na haɗuwa da iska a wani wuri yana ci, wurin zai yi zafi fiye da sauran, nikel ya sake tsatsa ya kumbura, tsagar ta ƙaru. Kafin ka ɗora wa fata laifi, raba yoyonta da na liki: koma ga awon da ka yi da zobban roba. Idan can ta tsare a nan ta zube, likin gefe ne, ko kuma tsaga ta buɗe wajen hawan zafi. Bar shi ya huce a cikin haidurojin kashi 5 ɗin nan, ka jiƙa shi da roba, ka yanka ta inda launinsa ya canza zuwa kore.